Matsalolin Rainon Pothos Mai Rodi-Rodin Ganye a Cikin Ɗaki

A cikin tsirran ado da ake ajiyewa a falo da ofis, da wuya a sami wanda ya kai pothos yaɗuwa, wato tsiron nan mai yaɗo da ganyensa ke da siffar zuciya, kore da ratsin fari ko na ruwan ɗorawa, wanda ake ratayawa a tukunya rassansa su zubo ƙasa. Masu lambun furanni na bakin titi sukan sayar da shi da alƙawarin cewa ba ya mutuwa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin yana jure sakaci fiye da yawancin tsirrai. Sai dai rashin mutuwa daban, kyan gani daban. Bayan 'yan watanni da kai shi gida, sai a ga sababbin ganye suna fitowa kore shar babu ratsi, na ƙasa suna yin rawaya suna zuba, gefen wasu ya ƙone, rassan kuma sun miƙe tsirara. Abin da mai shi yakan yi shi ne ya ƙara ruwa, idan bai ga sauyi ba ya ƙara taki, alhali waɗannan biyun ne suka fi ƙarasa tsiron. Mafi yawan waɗannan matsaloli suna komawa ne ga abu guda, wato yawan hasken da tsiron yake samu, domin hasken ne ke yanke yawan ruwan da zai sha, da takin da zai iya ɗauka, da irin ganyen da zai fitar.

Asalin tsiron daga tsibirin Mo'orea yake, kusa da Tahiti, a kudancin tekun Fasifik. An fara bayyana shi a littattafan masana tsirrai a 1880 da sunan Pothos aureus, aka yi ta sauya masa rukuni, a 1964 kuma aka ba shi sunan Epipremnum aureum, wanda ake kiransa da shi a yau. A dajin da ya fito, yakan fara ne a ƙasa cikin inuwa, ya lalubi gindin bishiya, ya hau da taimakon ƙananan saiwoyin da ke fitowa a gaɓoɓinsa har tsawon da zai iya kai mita 20, kuma ganyensa a can sama yakan kusanci mita guda, da tsaga-tsaga a gefe. Wanda muke gani a tukunya ƙuruciyar tsiron ce kawai. Saiwarsa ta saba da ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itace masu sakin ruwa nan take, ganyensa kuma ya saba da haske mai yawa da rassan bishiya suka tace. Da wuya ya yi fure, kuma wani bincike da aka buga a 2016 ya danganta hakan da ƙarancin wani sinadarin girma mai suna jibarelin a jikinsa. Saboda haka ba a shuka shi da iri, sai da yankan reshe, kuma wannan yana da muhimmanci ga mai raino, domin kamannin reshen da aka yanka su ne kamannin da sabon tsiro zai gada.

Rodi-rodin da ake sayen tsiron dominsa, a wurin tsiron nakasa ce. Koren ganye yana zuwa ne daga sinadarin kulorofil, wanda da shi tsiro ke kama hasken rana ya haɗa abincinsa daga ruwa da iska. Inda ganyen ya yi fari, sinadarin babu shi ko ya yi ƙaranci ƙwarai, don haka wannan sashe yana ci ne ba ya samarwa. Lamarin ya yi kama da gidan da bakunan ci suka yi yawa, masu zuwa gona kuwa kaɗan ne: idan damina ta yi kyau kowa zai ƙoshi, idan ta gaza kuwa gidan zai riga maƙwabta shiga wahala. Wannan ne ya sa nau'o'in ba su zama ɗaya ba wajen juriya. Golden, mai ratsin ruwan ɗorawa a kan kore mai yawa, shi ne mafi sauƙin raino. Marble Queen, wanda farinsa kan rinjayi korensa, yana girma a hankali kuma yana buƙatar haske fiye da na farkon. N'Joy da Manjula da Pearls and Jade, wanda Jami'ar Florida ta Amurka ta samar daga Marble Queen, duk suna cikin masu saurin nuna damuwa. Kuskure ne a ɗauki shawarar da ta dace da nau'in kore zalla a ɗora wa waɗannan.

Matsala ta farko, wadda ta fi ɓata wa masu raino rai, ita ce ɓacewar ratsin. Idan haske ya yi ƙaranci, sababbin ganye sukan fito da kore mai yawa, kuma duk reshen da ya koma kore zalla yana samun abinci fiye da sauran, sai ya fi su saurin girma, ya rufe su, a hankali ya mamaye tukunyar. Mutane da yawa ba su yarda cewa ɗakinsu na da duhu ba, saboda idon ɗan Adam yana daidaita kansa da kowane irin haske ba tare da mai shi ya lura ba. A ma'aunin haske da ake kira luks, tsakar rana a fili takan kai kimanin 100,000, amma tsakiyar falo mai labule sau da yawa ba ta wuce 'yan ɗaruruwa. Haske yana raguwa da sauri da zarar an ja baya daga taga, ta yadda tukunyar da ke kan kabad a ƙuryar ɗaki tana samun ɗan kaso ne kawai na abin da ta bakin taga ke samu. Akwai gwaji mai sauƙi: da hantsi ko azahar, a kashe fitila, a ɗaga hannu a daidai inda tukunyar take. Idan hannun ya yi inuwa mai bayyana amma gefenta da laushi, wurin ya yi. Idan babu inuwa sam, wurin bai dace da mai rodi-rodi ba, ko da tsiron zai yi shekara bai mutu a wurin ba.

Tagar gabas ce ta fi dacewa, inda zai sami ranar safe mai taushi, sannan ya wuni cikin haske ba tare da zafi ba. Inda babu irin wannan taga, fitilar LED mai farin haske da aka kusantar da ita, tana kunne sa'o'i 10 zuwa 12 a rana, tana iya cike giɓin, idan akwai wutar da za ta riƙe ta. Ana kuma juya tukunyar lokaci-lokaci don kada gefe ɗaya ya yi ta karkata wajen taga. Amma dole a fahimci cewa ganyen da ya riga ya fito kore ba zai sake yin ratsi ba, komai hasken da aka ba shi. Gyaran zai bayyana ne a ganyen da za su fito daga baya. Idan reshe ya jera ganye uku ko huɗu kore zalla, bai kamata a tsaya jira ba. A bi reshen baya har zuwa ganye na ƙarshe mai kyakkyawan ratsi, a yanke kaɗan sama da gaɓarsa, domin sabon tohon da zai fito daga wannan gaɓa ya fi yiwuwar ɗauko ratsin. Mutane suna jin tausayin yanke reshe mai lafiya, amma a ganina wannan tausayi shi ne babban dalilin da ya sa tukwanen Marble Queen da yawa suke ƙarewa kore.

Akwai kuma kishiyar wannan. Wanda ya ji cewa haske ne magani, ya ɗauki tukunyar daga ƙuryar ɗaki ya ajiye ta a tagar yamma ko a tsakar gida cikin watan Afrilu, zai tarar da ganyen sun ƙone cikin kwana ɗaya ko biyu. Farin sashen ne ke fara ƙonewa, ya zama ruwan ƙasa, ya bushe ƙayau, kuma ba ya warkewa. Matsar da tsiro zuwa haske a hankali ake yi, cikin makonni, da labule mai shara-shara a tsakani. Haka nan wani lokaci reshe yakan fara fitar da ganye fari fat babu ɗigon kore. Abin sha'awa ne a ido, amma irin wannan ganye ba ya daɗewa, kuma reshen da ya ɗore a haka nauyi ne a kan sauran tsiron, don haka shi ma ana datse shi zuwa inda kore da fari suka daidaita.

Ruwa ne ke kashe pothos fiye da komai, kuma a nan ne alaƙarsa da haske take fitowa fili. Tsiron da ke cikin ƙarancin haske ba ya aiki sosai, don haka ba ya shan ruwa sosai. Wanda rabin ganyensa fari ne kuwa shansa ya fi ƙanƙanta. Idan aka ɗora masa jadawali, a ce kowace safiya ko kowane kwana biyu, ƙasar tukunyar ba za ta taɓa tsanewa ba. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar da ke cikin ƙananan kafofin ƙasa, kuma idan ruwa ya cike kafofin na tsawon kwanaki, sai ta shaƙe ta fara mutuwa, sannan ƙwayoyin cuta masu son laima, irin su Pythium da Phytophthora, su sami hanyar shiga su ƙarasa ta. Abin da ke ruɗar mai raino shi ne, tsiron da saiwarsa ta ruɓe ba ya iya jan ruwa, saboda haka ganyensa yakan yi yaushi daidai da na tsiron da ƙishirwa ta kama. Sai a ƙara masa ruwa, a ƙara jefa shi cikin halaka. Yaushi tare da jiƙaƙƙiyar ƙasa alama ce ta ruɓewar saiwa, kuma wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kowace amfani a rainon wannan tsiro.

Tabbatarwa ba ta da wuya. A kifar da tukunyar a hannu, a zaro tsiron da ƙasarsa. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara, da ƙarfi idan an matsa ta. Ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce ko ruwan ƙasa, ta yi laɓo-laɓo, tana warin ruɓa, kuma idan aka ja ta da yatsu biyu ɓawonta yakan saɓule ya bar wani siririn zare a tsakiya. Idan akwai sauran fararen saiwoyi, a yanke ruɓaɓɓun da almakashi mai tsabta, a zubar da tsohuwar ƙasar gaba ɗaya, a wanke tukunyar, a sake dasawa a sabuwar ƙasa, a kuma rage wasu rassan don saiwar da ta rage ta iya ɗaukar nauyin ganyen. Idan ruɓar ta hau har gindin karan ya yi baƙi, to ceton gindin ya wuce, sai dai a yanki lafiyayyun rassa daga sama a fara sabon raino.

Hanyar kauce wa haka ita ce a bar ƙasa ta faɗi lokacin ban ruwa. A tura yatsa har gaɓa ta biyu; idan akwai danshi a ƙyale, idan ta bushe a zuba ruwa sosai har ya fito ta ƙasan tukunya, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti. Tazarar tana sauyawa da yanayi, gajera a bazara, doguwa a tsakiyar damina lokacin da iska ke cike da laima kuma hadari ke rage haske. Tukunya ma tana da nata rabon laifin. Wadda ba ta da huji a ƙasa tarko ce, komai kyanta, kuma shimfiɗa tsakuwa a gindinta ba ya maye gurbin hujin. Babbar tukunya ga ƙaramin tsiro tana riƙe ruwan da saiwa ba ta kai gare shi ba. Tukunyar ƙasa da ba a shafe ta da fenti ba tana fitar da danshi ta jikinta, don haka ta fi yi wa mai yawan ban ruwa rangwame fiye da ta roba. Ƙasar da ake sayo tsiron a cikinta, a baƙar leda, sau da yawa laka ce mai nauyi wadda ta dace da lambu a fili, amma a ɗaki sai ta dunƙule. Cakuɗa ta da ruɓaɓɓen takin gida da ya huce sarai, da rairayi mai kaushi, da ɓuntun shinkafa ko dakakken gawayi, yana buɗe ta ruwa ya riƙa wucewa.

Rawayar ganye ita kaɗai ba ta nuna cuta guda. Idan tsohon ganye ɗaya ne a gindin reshe ya yi rawaya jefi-jefi, tsufa ne, babu abin yi sai cire shi. Idan da yawa ne a lokaci guda, da laushi, ƙasa kuma a jiƙe, ruwa ne ya yi yawa. Idan ƙasar ta bushe har ta janye daga jikin tukunya, ganyen suka nannaɗe, ƙishirwa ce, kuma a irin wannan hali ruwan da aka zuba yakan bi gefe ya fice bai jiƙa komai ba, sai an tsoma tukunyar a cikin roba mai ruwa na ɗan lokaci. Ɗigon ruwan da akan gani a tsinin ganye da sassafe ba cuta ba ne, tsiron ne ke fitar da rarar ruwa, ko da yake yawan ganinsa yana nuna ƙasar tana yawan zama a jiƙe.

Ga mai raino a Kano ko Sakkwato ko Damagaram, hunturu yana zuwa da nasa matsalolin. Iskar takan bushe ƙwarai, tsinin ganye da gefensa su yi ruwan ƙasa, musamman a farin sashe. Ƙura kuma takan kwanta a kan ganyen ta rage hasken da dama bai ishe shi ba, don haka goge ganye da tsumma mai danshi aiki ne na gaske a wannan lokaci, ya wuce kwalliya. Shafa wa ganye mai ko madara don ya yi sheƙi yana ƙara kama ƙura ne kawai. Fesa ruwa a ganye yana ɗaga laima na 'yan mintoci ne, tara tukwane wuri ɗaya nesa da iskar taga ya fi shi amfani. Tsiron ba ya son sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 10, abin da mazauna Jos za su kula da shi idan tukunyar tana baranda, haka kuma bai kamata a rataye shi a saitin iskar na'urar sanyaya ɗaki ba. Wani abin da ke ƙona tsinin ganye shi ne taruwar gishiri a ƙasa, daga ruwan burtsatse mai nauyi ko daga taki, wanda ake gane shi da farin ɓawo a saman ƙasa da bakin tukunya. Maganinsa shi ne a riƙa wanke ƙasar da ruwa mai yawa ya bi ta huji ya fita, kuma ruwan sama da aka tara ya fi kowane dacewa.

Game da taki, magana kaɗan ce. Taki ba ya dawo da ratsi, kuma ba a ba tsiron da ke ciwo. Barbaɗa yuriya ko NPK na gona a ƙaramar tukunya yana ƙona saiwa. Takin ruwa da aka tsarma sosai, sau ɗaya a wata a lokacin da tsiron ke fitar da sabon toho, ya wadatar.

Ƙwari sun fi kama tsiron da ya riga ya raunana. Mafi yawa shi ne wani farin ƙwaro mai laushi da ke maƙalewa a kusurwar da ganye ya haɗu da kara, wanda ba a sani ba zai ɗauka ɓurɓushin auduga ne. Yana tsotsar ruwan tsiron, yana barin wani ruwa mai danƙo da ke jawo tururuwa da baƙar funfuna. Ana cire shi da auduga da aka tsoma a sifirit, a bi gaɓa-gaɓa, sannan a maimaita bayan mako guda, a sake maimaitawa, domin ƙwayayensa suna ƙyanƙyashewa daga baya. A lokacin bushewar iska akwai wasu ƙananan halittu dangin gizo-gizo da ido ke gani da ƙyar, masu barin ɗige-ɗige da siririyar yana a bayan ganye, kuma a ganye mai rodi-rodi ɓarnarsu tana sajewa da ratsin, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba. Wanke ganyen da ruwa ciki da baya, sannan fesa man darbejiya da aka haɗa da ruwa da ɗan sabulu mai laushi, yana rage su, amma da yamma ake fesawa, kuma garin sabulun wanki bai dace ba. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke tashi daga tukunya kuwa shaida ce cewa ƙasar ba ta bushewa, kuma suna raguwa da zarar an gyara ban ruwa. Sabon tsiro da aka sayo ya kamata ya zauna shi kaɗai na makonni biyu kafin a haɗa shi da sauran.

Saura batun rassan da ke yin tsawo babu ganye, da ganyen da ke ƙara ƙanƙancewa. Tazara mai faɗi tsakanin gaɓa da gaɓa alamar neman haske ce. Ƙanƙancewar ganye kuwa, ban da haske, tana da alaƙa da halittar tsiron, domin mai hawa ne, kuma reshen da ke zubowa ƙasa yakan riƙa fitar da ƙananan ganye. Wanda yake son manyan ganye sai ya kafa sanda a tukunya, ya naɗe ta da buhun algarara, ya ɗaure rassan su hau. Idan aka bar su suka kama bango kuwa, saiwoyin gaɓa suna ɓamɓare fenti ranar da aka zo cirewa. Gaɓar da ganyenta ya faɗi ba ta cika mayar da wani ba sai an datse reshen. Abin da aka datse ba asara ba ne. A yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace da gaɓa ɗaya da ganye ɗaya mai kyakkyawan ratsi, a tsoma gaɓar a ruwa, cikin 'yan makonni saiwa za ta fito, a mayar da su cikin tukunyar ta cika. Ganye da sandarsa kawai, babu gaɓa, ba zai zama tsiro ba. Ruwan kwalbar kuma a riƙa sauya shi aƙalla kowane mako, saboda saiwar, da kuma saboda sauro da ke iya yin ƙwai a ciki.

Pothos ɗan dangi ɗaya ne da gwaza, kuma yana ɗauke da irin ƙananan alluran sinadarin kalsiyam okzalet da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro. Yaro ko kyanwa ko kare da ya tauna ganyen zai ji zafi a baki, ya yi ta dalalar da miyau, leɓe da harshe na iya kumbura, wani lokaci har da amai. A wanke bakin da ruwa, idan kuma kumburin ya taɓa numfashi ko haɗiya a garzaya asibiti. Tun da rassan zubowa suke yi, rataye tukunyar a sama bai isa ba, sai an riƙa datse su kafin su sauko inda hannun mai rarrafe zai kai. Ruwan karan ma yana sa wasu ƙaiƙayin fata.

Akwai kuma maganar cewa tsiron yana tace iskar ɗaki, wadda ke sa mutane su kai shi ɗakin kwana mai rufaffen labule ko banɗaki marar taga. Maganar ta samo asali ne daga binciken da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fitar a 1989, wanda aka yi a cikin ƙananan akwatuna rufaffu. Wani nazari da masana na Jami'ar Drexel suka fitar a 2019 ya nuna cewa sai an tara tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ta yau da kullum ke yi a gini. Wanda yake son ganin tsiro a irin waɗannan ɗakuna zai iya ajiye tukwane biyu, ɗaya a ciki ɗaya a bakin taga, yana musanya su kowane mako ko biyu, kuma nau'in kore zalla ya fi jure wannan zirga-zirga fiye da Marble Queen ko N'Joy.